Ruwan Tokar Inna Rekiya

Assalamu alaikum 'yan uwana masu leƙo wannan shafi, na gida da na ofis da waɗanda ke karantawa a cikin cunkoson motar Nyanya. Ku gyara zama. Abin da zan faɗa muku yau laifina ne, da hannuna na yi shi, kuma ko a gidanmu ba kowa ya sani ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Nazeefa, shekarata ashirin da shida. Ina aiki a ɗakin gwaji na wata cibiyar bincike da ke kan hanyar Gwagwalada. Kada ku ji an ce ɗakin gwaji ku ɗauka wata babba ce ni. Difloma gare ni. Aikina wanke kwalabe, auna gari, kunna tanda, da rubuta lokaci a littafi. Iyayena suna Kubwa, amma daga Litinin zuwa Juma'a a Paikon Kore nake kwana, wajen kakata Inna Rekiya wadda ta haifi Abbanmu, domin daga can babur ɗaya ne zuwa wurin aiki. Abba ya yi, ya yi ta koma Kubwa, har ɗaki ya gina mata mai tayil da fanka. Ta ce ita ba ta zama a garin da ake sayen ganyen miya. Shekara huɗu ke nan ba ta taka Kubwa ba.

Sai Malam Nuraddeen. Dogo ne siriri, mai gilashi, ɗan Azare. Shaddarsa kala uku ce, kuma na san ranar kowace. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya, maganarsa da ni ba ta wuce "Ina kwana, Malama Nazeefa" da "A miƙo min kasko" ba.

Bari in gaya muku aikinsa yadda na gaya wa Inna wata rana tana ɓarar gyaɗa, domin in ta gane, kowa ma zai gane.

Na ce, "Inna, kin ga gas ɗin girki? A cikinsa akwai wani mai suna furofen. In aka cire masa wani ɗan abu a jiki, sai ya koma furofilin. Shi kuma da shi ake yin bokitin roba da buhun taki da kujerar biki."

Ta ce, "To a cire mana."

"Ba ya ciruwa haka kawai. Sai an bi da shi ta cikin wani gari mai zafin gaske."

Garin nan sunansa ziyolait. Fari ne tas kamar garin alabo, amma kowace ƙwaya cike take da 'yan ramuka da ido ba ya gani, kamar gidan gara. A cikin ramukan ake ɓoye wani ƙarfe mai suna filatinam, wanda ake lallaɓawa kamar zinare, tare da ɗan kuza. In an haɗa su, shi ake kira katalis. Gas ya shiga ta nan, ya fito ta can ya zama wani abu dabam, garin kuma yana nan zaune. Matsalar ita ce ba ya daɗewa. Awa shida, sai baƙi ya toshe ramukan, ƙarfen ya cure wuri ɗaya, garin ya mutu. Malam Nuraddeen ya haɗa sau goma sha shida, duk suka mutu.

Inna ta hura ɓawon gyaɗa ta ce, "Ashe dai tukunya ce ta yi baƙi. Shi ne har da digiri?"

To ku riƙe wannan magana tata.

A watan Mayu, sabulun wanke kayan gwaji ya ƙare. Ruwan asid ɗin da muke jiƙa su ma ya ƙare. Na je sito aka ce takarda tana kan teburin oga. Ga ɗan kaskon tangaran ɗin da Malam Nuraddeen yake kwaɓa garinsa a ciki ya yi baƙi ƙirin, tsohon kasko ne duk ya yi 'yan tsage-tsage, kuma ya ce yana buƙatarsa ranar Laraba. Na goga, na goga, har farcena ya karye.

Inna tana da wata tukunya mai huda a gindi a bayan ɗakin girki. Takan cika ta da toka, ta zuba ruwa, ya riƙa ɗiga a kwano, ja-ja kamar shayin da ba madara. Da shi take miyar kuka, da shi take jiƙa duk tukunyar da ta gagara. Tun ina 'yar firamare nake ganin baƙi yana saɓulewa a cikinsa. Ni kuwa da safe na ɗura shi a gorar ruwa, na jefa a jaka tare da kular abincina.

Wallahi 'yan uwa, ba da wata mugunta ba. So nake in miƙa masa kasko fari ya ɗago kai ya dube ni.

Na jiƙa tun safe har la'asar, baƙin ya fita tas. Dokarmu ita ce a ɗauraye sau uku da tataccen ruwa. Ranar babu wuta, injin tace ruwa a kashe, abin da ya rage a jarka bai kai kofi biyu ba. Na ɗauraye sau ɗaya. Da ya bushe na ga wani ɗan fari-fari a gindinsa, na sa tishu na share. A littafi na rubuta kalma biyu: an wanke.

Ya karɓa, ya juya shi, ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Bai ɗago ba.

A cikin kaskon nan ya kwaɓa na goma sha bakwai. Kuma a wannan karon ne ya sauya yadda yake gasa garin. Da, da sauri yake ɗaga zafin tanda. Wannan karon ya bi a hankali, ɗigo-ɗigo, yini guda. Ya ɗura garin a siririn bututu, ya saki gas, muka zuba wa allon na'ura ido.

Awa shida, layin yana sama. Awa goma sha biyu, yana sama. Washegari na shigo na tarar da shi a tsaye, hula a karkace, layin bai motsa ba. Ranar Asabar, wadda ba ma aiki, na ce wa Mama akwai aikin gaggawa, na zo. Ƙarfe tara da 'yan mintuna ya cika awa arba'in da takwas.

Ina rubuta lokaci sai na ji ya ce, "Malama Nazeefa."

"Na'am."

"Ni fa tun bara nake son in ce wani abu."

Alƙalamina ya tsaya.

Ya ce, "Amma mutumin da duk abin da ya taɓa sai ya mutu cikin awa shida, da wane baki zai yi magana?" Yana faɗa yana kallon allo, ba ni ba. "Yau dai na ga kamar na iya wani abu. Ko za ki ba ni lambar Abba?"

Ku ji fa. Ba lambata ba, lambar Abba. Na sa gefen mayafi na rufe baki, na rubuta masa a bayan takardar awo, cikin sauri har bakwai ta koma kamar ɗaya, sai da ya tambaya.

Garin ya yi awa saba'in kafin man janareta ya ƙare. Da aka zazzage shi, toka-toka ne kawai, bai yi baƙi ba. Shugabar sashenmu, Dakta Janet, 'yar Filato ce mai murya kamar ta malamar makaranta, ta rungume fayil ɗin ta ce, "Nura, ka wanke mu!" Aka liƙa sunansa a allon sanarwa: shi zai wakilci cibiya a wani taro a ƙasar waje a watan Oktoba, ya bayyana yadda gashi a hankali yake raya katalis. Ya je Kubwa ya gaida Abba da farar shaddarsa ta Juma'a. Abba ya yi bincikensa, ya sa rana, ya ce kawunnan Malam Nuraddeen su zo.

Daga nan sai abu ya juya.

Dakta ta ce ya maimaita kafin tafiya, haka ƙa'ida take. A lokacin sabulu ya iso, har da sababbin kasake. Na wanke su yadda doka ta ce, sau uku, har huɗu. Ya haɗa na goma sha takwas, ya gasa a hankali. Awa shida, ya mutu. Na goma sha tara ya mutu. Ya ce ko gas ne, aka sauya tukunyar gas. Ya ce ko tanda ce, aka kira mai gyara. Har na ashirin da uku, duk baƙi ƙirin. Wata uku ke nan. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In na kawo masa ɗan wake ko alala, sai ya ci loma biyu ya ce, "Akwai abin da hannuna ya yi ranar nan, na manta shi. Me na yi, Nazeefa?" Ni kuma in ce, "Za ka tuna, in sha Allahu." Kuma har ga Allah a lokacin ban kawo komai a raina ba. Gorar ma na manta da ita.

Ranar Talatar da ta wuce, saura kwana huɗu kawunnansa su zo, sakamako ya dawo daga wani ɗakin gwaji da ya aika wa ragowar na sha bakwai don su faɗi abin da ke ciki. Ya karanta a tsaye, ya yi tsaki.

"Ji shirme. Wai akwai fotasiyam."

Na ce, "Mene ne?"

"Fotasiyam. Ni ban taɓa buɗe kwalbarsa ba. Injinsu ne bai da tsabta." Ya jefa takardar a durowa. Sai kuma ya tsaya, ya ce kamar da kansa yake, "Ko da yake an ce yana rage baƙi. Amma daga ina zai shigo?"

'Yan uwa, difloma gare ni, amma ko 'yar sakandare ta san abin da ya fi yawa a cikin tokar itace. Na ga gorar, na ga farin da na share da tishu, na ga tsage-tsagen kaskon da suka sha ruwan toka yini guda. Na ce zan je alwala. Na tsaya a bakin famfo, ruwa yana zuba a hannuna, ban san ko na wanke fuska ba.

Ku duba min lamarin nan. Abin da ya ba shi bakin magana, abin da ya sa aka liƙa sunansa, abin da kawunnansa suke ta faɗa a Azare, ba gashinsa ba ne. Ruwan miyar Inna ne. Kuma ni na zuba, na ɓoye a littafi, na bar shi wata uku yana zargin hannunsa.

Laraba na kasa riƙewa, na rubuta wa yayata Anti Halimat, wadda ke aure a Lugbe. Na ce sirri ne. Ta turo:

"Innalillahi. Ke wace irin yarinya ce?"

"Anti me zan yi?"

"Ki yi shiru mana. Wa ya gan ki?"

"Allah."

Ta turo fuskar nan mai juya ido. Sai kuma: "Bayan biki ki faɗa masa cikin wasa. Namiji in ya ci ya ƙoshi komai yana wucewa."

Sirrin da na ba ta bai yi awa ɗaya ba ya isa Kubwa.

Alhamis da la'asar na dawo aiki na ga motar Mama a ƙarƙashin mangwaro. An yi ruwa da rana, ƙasa tana ƙamshi, masarar Inna ta fi katanga tsawo. Mama tana zaune a kan tabarma da leshinta ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, ta cire takalmi ta ɗora a kan leda don kada laka ta taɓa shi. A gabanta ga ɗinkina na Asabar: atamfa shuɗiya mai zanen ganye, riga da siket, da mayafi ruwan madara. Inna tana gefe a kan kujerarta 'yar tsugunno tana gyaran wake.

Na durƙusa na gaishe su. Mama ta ce, "Gwada rigar." Na gwada, ta zauna daidai. Ta juya ni, ta ja hannun, sannan ta rage murya, wai don kada Inna ta ji, alhali Inna tana jin faɗuwar allura.

"Halima ta gaya min haukan da kika yi."

Na sunkuyar da kai.

"Ki saurare ni da kyau. Jibi mutane za su taso tun daga Azare. Na yi cincin, na yi dubulan, an yanka kaji. Babanki ya gaya wa mutanen ofishinsu. Bakinki ya yi shiru har Asabar ta wuce."

"Mama, yana wahala."

"Wata uku yana wahala bai mutu ba, kwana biyu ba za su kashe shi ba. Ke kin san maza kuwa? Ki je ki ce masa abin da yake taƙama da shi ruwan toka ne, kuma mai wanke masa kwalabe ce ta zuba? Ko bai fasa don fushi ba, zai fasa don kunya. Kuma aikinki fa? Kin ɗauka tafa miki za su yi?"

Duk abin da ta faɗa na riga na faɗa wa kaina. Kada ku ga laifin Mama. Tsoro take ji, irin nawa.

Inna ta zubar da tsakuwa daga faranti, ba ta ɗago ba ta ce, "Ke 'yar boko. Shi yaron yanzu me yake yi?"

"Yana can yana gasa gari, Inna."

"Kullum?"

"Kullum."

"Yana neman abin da ke bayan ɗakin girkina."

"Eh."

"Kuma ke kike miƙa masa kaskon."

Mama ta ce, "Inna, don Allah kada ki zuga ta."

"Ni me na ce? Tambaya na yi." Ta ci gaba da gyaran wakenta. Can kuma ta ce, "Ni dai da na zauna da kakanku shekara arba'in da ɗaya, abin da ya fi min daɗi shi ne ban taɓa jin gabana ya faɗi don ya buɗe wata ƙwarya a ɗakina ba."

Mama ta tattara jakarta ta ce gobe da yamma direba zai zo ɗaukata. A bakin mota ta riƙe hannuna ta ce, "Nazeefa, ki rufa mana asiri."

Juma'a da safe na sa doguwar rigata baƙa, ko hoda ban shafa ba. Na ɗura ruwan toka a gora, na sa a jaka. Na tarar da shi yana auna garin na ashirin da huɗu, ya sunkuya a kan sikeli, yana riƙe numfashi don kada ya hure shi. Na jira ya gama. Na ajiye gorar a kan tebur.

"Malam Nuraddeen, injinsu yana da tsabta."

Ya dubi gorar, ya dube ni.

Na faɗa masa duka, tun daga sabulu har tishu. Ban yi kuka ba, amma muryata ta zama kamar ta wata. Da na gama, ya cire gilashi ya goge da gefen riga, ya mayar. Na ɗauka zai yi faɗa. Da ma faɗan ya yi.

Ya ce, "Awa nawa kika jiƙa?"

"Kamar bakwai."

"Sau nawa kika ɗauraye?"

"Ɗaya."

"Yaushe kika gane?"

"Talata."

"Talata," ya maimaita. Ya buɗe durowa, ya ɗauki takardar da ya jefar, ya miƙe ta da tafin hannu, ya ɗauki littafin da na rubuta "an wanke", ya fita. Ta taga na ga ya shiga ofishin Dakta Janet. Ya yi minti arba'in. Da ya fito, ya tsaya a gaban allon sanarwa, ya cire fil huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya ninke takardar da ke da sunansa, ya sa a aljihu. Bai dawo ɗakin ba. Na ji tashin motarsa.

Dakta ta leƙo ta ce, "Nazeefa, zo nan." Na je. Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce da Hausarta da ba ta raba ka da ki: "Ka kawo ruwan miya cikin lab ɗina? Litinin za ki amsa min a rubuce, shafi biyu. Kuma daga yau ko ruwan sama ya taɓa kasko, a rubuta." Na ce to. Har na kai ƙofa ta ce, "Amma da ka yi shiru, da ya je ya faɗi abin da ba haka ba a gaban duniya. Jeki."

Na tura masa saƙo: "Ka yi haƙuri." Alama biyu suka yi shuɗi. Shiru. Bayan Juma'a na sake: "Ko me ka yanke, ban ga laifinka ba." Shuɗi. Shiru. Anti Halimat kuwa sau tara ta kira, ban ɗauka ba.

Na koma Paikon Kore na ninke atamfar a akwati, ban san ko zan sa ta ba. Inna ta ba ni dafaffiyar masara, na riƙe ta har ta huce. Wajen ƙarfe biyar na ji mota. Na ɗauka direban Mama ne, na ja akwati na fito.

Shi ne. Da farar shaddarsa ta Juma'a, ya tattare ƙafar wando saboda laka, yana rungume da kwali. Ya yi sallama, ya wuce ni, ya je gaban Inna ya tsuguna har ƙasa.

"Barka da yamma, Inna."

Inna ta kare ido da hannu ta ƙare masa kallo. "Wannan ne saurayin nawa? Ai ba a gaya min sanda ce ba. Ba sa ba ka abinci a wurin digirin?"

"Suna ba ni, Inna."

"Me ka kawo min a kwali? In ba turmi ba ne ka koma."

Ya buɗe. Kwalabe shida ne wankakku, kowace da farar takarda a jiki. Ya ce, "Roƙo na zo. Ruwan tokar nan nake so, da ita tokar, in kuma ba damuwa a nuna min yadda ake yi."

"Wacce?"

"Akwai iri-iri ne?"

Inna ta tafa hannu. "Ji min yaro! Wadda yarinyar nan ta ɗiba wancan watan ai ta karan dawar bara ce, ta ƙare tun farkon damina. Wannan da ke ɗiga ta kwasfar wake ce, ta fi kaifi. Akwai ta ɓawon gyaɗa, ita ba ta da ƙarfi. In ta dawa kake so sai an yi girbi, ka zo ka sare karan da kanka, ni bayana ya gaji."

Sai na ji ya yi dariya. 'Yar gajeruwa ce, amma wata uku ban ji ta ba. Ya zaro biro ya fara rubutawa a tafin hannu: dawa, wake, gyaɗa.

Na matso na ce a hankali, "Ai akwai kwalbar fotasiyam a sito."

Ya ce, "Akwai, Litinin zan gwada ta. Amma sai na san abin da ya shiga na sha bakwai da gaske. Wata uku na yi ina zato, na gaji da zato."

Inna ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce bari ta duba akuyarta, alhali akuyar tana kwance a gabanmu. Ta bar mu a bakin tukunya, ruwa yana ɗiga ɗaya-ɗaya a kwano.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Ko huɗuba ban ji ba yau. Tafiyar Oktoba ta fasu, ni na ce a cire ni."

"Na gani."

"Ba ita ta fi ci min rai ba. Ranar da na yi miki magana, na ɗauka na zama wani ne. Ashe ina nan yadda nake, mai awa shida."

Na ce, "Ni ai mai awa shidan na wanke wa kasko."

Ya ɗago. 'Yan uwa, shekara biyu da wata uku, ranar ce ya dube ni sosai, ido cikin ido, har sai da ni na kawar da kai.

Ya ce, "Mama ta san da maganar?"

"Ta sani."

"Me ta ce?"

"In bari sai bayan gobe."

"Me ya hana ki bari?"

"Na ga kana riƙe numfashi a kan sikeli."

Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya tara a ƙarƙashin tukunya, ɗigo ya fantsama a hannun farar shaddar, bai kula ba. Na ce, "To gobe fa?"

"Kawu ya kira ni da azahar, sun wuce Akwanga. Ina riƙe da wayar, ina ta tunanin abin da zan ce masa." Ya rufe kwalbar, ya miƙo min tare da biro. "Na ce su sauka lafiya. Rubuta mana: kwasfar wake, ranar yau, da sunan mai ita. Wannan karon a rubuta komai."

Na rubuta, ya leƙa ya ce, "Bakwai ce ko ɗaya?"

Daidai nan direban Mama ya yi hon a waje, wayata kuma ta hau ruri, Mama ce. Kafin in ɗauka sai ga Inna ta fito daga ɗaki. Ta ɗaura zanenta na saƙi wanda ba ta fito da shi sai da Salla, ta yafa farin mayafi, ga ƙunshin kaya a hammata.

Na ce, "Inna, ina zuwa?"

"Kubwa."

"Kubwa? Ke?"

"Ɗakin da ubanki ya gina ba don aljanu ya gina shi ba. Kai saurayina, ɗauko min tukunyar nan, ka riƙe ta tsaye kada ta zube a motar mutane. Gobe a falon uwarki za ta zauna, a tsakiyar cincin da dubulan. In kawunnansa sun tambayi wanda ya haɗa wannan aure, ina so a nuna musu."

Ya sunkuya ya rungumi tukunyar, toka ta shafe masa gaban riga. Wayar tana ta ruri a hannuna. Na danna, na kai kunne.

Mama ta ce, "Nazeefa, kin dai riƙe bakinki ko?"

Na dubi Inna tana gyara zama a gidan gaba, na ce, "Mama, ki sa a share ɗakin tayil."